Injin da Aka Hana Barci

Ranar da Injiniya ya haɗa sabuwar inbata, wato akwatin sarrafa gudun inji, a kamfanin ƙanƙara, da fara'arsa ya koma gida. Da can injin famfon tsohuwar rijiyar kamfanin gudu ɗaya ya sani, ya yi ta ruri har tanki ya cika, kafin magariba a kashe shi. Yanzu kuwa wannan akwatin ne ke juya gudun injin. Injiniya ya duba ƙarfin da ke rubuce a jikin injin, ya danna a allon akwatin, ya saita yadda zai riƙa tashi a hankali. Sannan ya ƙara abin da manaja ya nace a kai: ko tanki ya cika, kada injin ya tsaya, ya ci gaba da juyi sannu-sannu dare da rana.

Yana alwalar magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Da ya ɗauko dutsen, sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, ga gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Sannan abin ya koma kan Auta, 'yarsu mai surutu kamar rediyo. Ta daina magana, ta daina cin abinci. Sai ta raɓe a bayan ƙofa, ta toshe kunnuwa, wata siririyar ƙara tana fita ta hancinta. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa Injiniya ya san ƙarar nan. Ita injin ke yi tun da ya haɗa masa inbata.

Aka ɗauko Malam mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ni ma uwa ce. A rijiyar kamfanin ƙanƙara muke tun ba a kafa kamfanin ba. Mun bar musu rana, sun bar mana dare. Sai ubanta ya hana injin barci. Jikokina ba sa runtsawa, ƙaramin kunnensa jini yake."

"To, fita. Zalunci ne kama wanda bai ji ba bai gani ba."

"Zan fita. Amma injin ya kwanta da magariba. Hannun da ya sake tashinsa, gidansa zan sauka."

Injiniya ya rantse. Auta ta yi atishawa, ta sulale, ta ce, "Umma, ƙishirwa."

Washegari ya saita akwatin ya riƙa kashe injin da faɗuwar rana. Ba a yi nisa ba ƙanƙara ta fara yankewa da safe, don ruwa na ƙarewa cikin dare. Manaja ya kira shi, shi kuma, bawan Allah, ya faɗi gaskiya. Dariya aka yi masa har da riƙe ciki, aka karɓe makullin ɗakin injin, aka ce ya je ya huta. Wanda aka ɗauko a madadinsa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya koya masa riƙe filaya. Katanga ce kawai ta raba gidajensu.

Injiniya ya tare ƙanen a ƙofar gida, har da riƙe masa hannu.

"Don Allah kada ka taɓa saitin nan. Matarka jego take."

"Haba Yaya! Aljanu da inbata? In baƙin ciki kake an ba ni aikin, ka fito fili."

Maganar ta ƙona wa Injiniya rai, ya saki hannun. Ranar nan ƙanen ya mayar da saitin yadda manaja ke so.

Da magariba Injiniya yana zaune a tsakar gida, Auta na gefensa tana zuba surutu, sai ya ji dutse ya faɗo kan kwano, tim. Ya ɗaga kai ya dubi rufinsa, babu komai. Daga bayan katanga jaririn ƙanensa ya tsala kuka, kukan ya yi ta sirancewa har ya koma ƙarar da ya sani.