Bonet Ɗin da Ba a Ƙwanƙwasa Ba

Rana ta kusa faɗuwa Mai Kunne ya kulle garejinsa, ya rataya jakar kayan aiki a kafaɗa, zai biya gidan ƙanwarsa ya ɗauko 'yarsa Auta. Tun safe ya yi mata alkawarin zai zo da kansa, ita kuwa Auta ba a yi mata alkawarin wasa. A bakin ƙofa take zama da takalmanta a ƙafa har sai ta ga mutum.

Sunan Mai Kunne ba a banza ya bi shi ba. Kunne ɗaya gare shi mai aiki, na dama. Na hagu ya mutu tun yana ɗan koyo, ranar da taya ta fashe a gefen kansa. Da wannan ɗayan yake ci, da shi yake sha, da shi yake riƙe gida. Masu motocin gudu, irin waɗanda cikinsu ke kusan shafar ƙasa, wurinsa suke kawo kuka. Sai ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Kafin ka ce kwabo ya faɗa maka ƙarfen da ke ciwo. Kuma yana ji da kansa a kan haka, ba kaɗan ba.

A kwanar layi wani dattijo mai gadi ya tare shi.

"Malam, kai ne mai jin ciwon mota da kunne?"

"Ni ne, Baba. Amma na tashi."

"Gidan ga shi can, ba nisa. Motar ɗan Hajiyar gidan ce, ya yi tafiya, ta daɗe a lulluɓe. Kwanan nan ta fara wata ƙara, tak, tak, tak. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne..."

"Bawul ne," in ji Mai Kunne. "Mu je, yanzu zan gama."

Halinsa ke nan, Allah Ya shirye shi. Ba ya bari mutum ya kai aya.

Garejin a ƙarƙashin gidan yake, sai an gangara. Mai gadi ya danna maɓalli, ƙofar ƙarfe ta naɗe sama tana gurnani. Ya miƙa masa makulli daga nesa, ya ce bari ya je ya yi alwala. Ko ƙafa ɗaya bai sa a ciki ba.

Wurin na warin ƙura da tsohon fetur da roba. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani wari, kamar na tokar da aka watsa wa ruwa. Ƙwan fitila ɗaya ne a rufi. Mai Kunne ya yaye tamfol, sai ga ta, baƙa wuluk, mai faɗin ƙirji, tayoyinta sun ɗan zauna. Ransa ya yi fari. Irin wannan inji ba kullum ake samun sa hannu a cikinsa ba.

Marigayi ubangidansa yana da wata doka. Yakan ce motar da ta daɗe a ajiye ta zama gida, kuma ba a faɗa wa gidan mutane kai tsaye. Ka ƙwanƙwasa bonet, ka yi sallama, ka yi bisimilla, sannan ka buɗe. 'Yan koyo sukan ce ai saboda kyanwa ne da maciji. Tsohon yakan ce, "Har da su," ba ya ƙarawa. Duk tsawon shekarun nan Mai Kunne bai taɓa tsallake dokar ba, ko da dai hannunsa ne ke yi, zuciyarsa na wani wuri.

Ranar nan ga Auta na jira, ga ɗokin inji. Ya ja wayar buɗewa kawai, ya ɗaga bonet.

Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu, ya kai kusa da fitila. Idan ƙarfe na cin ƙarfe a sama, za ka ga ɗan ƙyalli a cikin man, kamar garin gilashi. Babu ƙyalli. Amma man da ɗumi.

Ya tsaya ya dubi yatsunsa. Sai ya ce wa kansa zafin ɗakin ne, ya leƙa ta taga ya murza makulli.

Ta tashi bugu ɗaya. Ruri ya cika garejin, ya sauka ya koma silo. A kan rurin kuwa ga shi nan, siriri, tsaf: tak, tak, tak.

"Ban faɗa ba?" ya ce shi kaɗai.

Sanin abin a wurinsa ba wuya. Bugun ƙasa nauyi gare shi, kamar ana dukan ƙofa da dunƙule. Na sama kuwa, inda bawul ke buɗewa da rufewa, kamar ana taɓa faranti da cokali yake. Idan mai ne bai hau ba, inji na ɗumama ƙarar za ta ɓace. Idan ta ƙi ɓacewa, tana gudu in an ja totur, to ƙarfe ya cinye, rata ta buɗe, kuma ratar da ta buɗe ba ta komawa don kanta. Saura ya gano wane bawul ne.

Ya kafa sukudireba a kan murfin injin, ya manna kunnen dama. Ya matsa gaba kaɗan. Ya ƙara matsawa. A ko'ina ƙarar ɗaya ce, ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Haka ba ya faruwa. Ciwo a wuri ɗaya yake zama.

Ya miƙa hannun hagu ya ja totur. Inji ya yi ruri har ƙwan fitila ya girgiza.

Ƙarar ba ta bi shi ba. Tak. Tak. Tak. A sannu, yadda take.

Sai ta tsaya. Ta yi biyu da sauri. Ta sake tsayawa, kamar mai sauraro.

Ya ɗago kai zai janye.

Kunnen ya ƙi rabuwa da ƙotar. Ƙotar ta ƙi rabuwa da hannunsa. Bakin sukudireba ya kafe a jikin murfin kamar an yi masa walda. Ya fizga, ya ji zafi ya ratsa har tsakar kansa, kamar za a zaro kunnen daga tushe.

A bayansa ƙofar ƙarfe ta fara saukowa. Bai iya waiwayawa ba. Ya dai ga hasken magariba yana janyewa daga ƙasan siminti, yana ƙanƙancewa, har ya tafi.

"Baba," ya kira. "Baba mai gadi."

Rurin inji ya haɗiye muryar.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin ya san abin da hayaƙin salansa ke yi wa mutum a rufaffen ɗaki. Ba shaƙe ka yake yi ba, barci yake sa ka. Makulli na can cikin mota, hannu ba ya kaiwa. Batirin irin waɗannan motoci kuma a baya yake. Ya lalubi wayoyin filogi da hannun hagu, ya fizge ta farko. Ya fizge ta biyu. Ya bi su duka ya zubar.

Injin bai ko yi tari ba.

Idonsa ya fara yaji. Warin tokar nan ya rufe na fetur.

Sai ya ji numfashi a cikin ƙarfen. Yana hawowa ta sandar sukudireba, da ɗumi, yana shiga kunnensa.

"Wa ya buɗe mana rufi?"

Raɗa ce, ta tsohuwa. A bayanta wasu ƙananan muryoyi na kuka ƙasa-ƙasa.

"Wa ya watsa wa 'ya'yana mai mai zafi?"

Ya nemi addu'a, harshe ya yi nauyi.

"Mun daɗe muna ƙwanƙwasawa," in ji muryar. "Don a san da mutane a ciki. Kai da ka fi kowa ji, kai ne ka shigo ba sallama."

Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Nauyinsa duka ya rataya a kunnen, wani abu mai ɗumi ya gangaro masa wuya. Barci na jan sa, mai daɗi. Ya ga Auta a bakin ƙofa, da takalmanta, tana leƙen layi.

Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar. Ya dunƙule. Ya ƙwanƙwasa gefen motar.

"Salamu alaikum," ya ce, muryar ba ta fi ta sauro ba. "Masu gida, ku yi haƙuri. Bisimillahi."



Injin ya mutu.

"Ka makara da sallama," aka raɗa masa. "Amma mun amsa. Ziyara kuwa ramawa ake yi."

Sukudireba ta faɗi ƙasa, shi ma ya bi ta. Ya ja ciki zuwa inda yake jin iska. Ƙofar ta ɗaga kamar taƙi biyu, wasu hannuwa suka kama kwalarsa suka fizgo shi waje.

Mai gadi ne, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya ce yana ta danna maɓalli ƙofa ta ƙi, kuma shi bai ji ƙarar inji ba sam.

"Na so in gaya maka, ɗana, ka katse ni. Ba wanda ke tayar da ita. A kashe take yin ƙarar." Ya nuna ɗakinsa na bakin ƙofa, inda 'yar fanka ke juyawa. "Batirinta ma ga shi can, tun bara nake shan iska da shi."

Mai Kunne bai koma ɗaukar jakarsa ba. Ya isa gidan ƙanwarsa da jini a kwala, ya tarar da Auta a inda ya san zai same ta, ta cika ta yi fam. Ya ɗauke ta ya rungume, ƙanwarsa na ta tambayar abin da ya same shi.

Kunnen ya warke, likita ma ya ce ƙalau yake. Amma aiki ya gagara. Duk injin da ya kafa wa sukudireba, sabo ko tsoho, abu ɗaya yake ji: tak, tak, tak. Sau biyu yana sa a buɗe lafiyayyen inji, daga nan masu motocin gudu suka daina zuwa. Ya koma canjin mai da ɗaurin birki. Yanzu ko akwatin kayan aikinsa zai buɗe sai ya ƙwanƙwasa, abokan aiki na yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan lallashi kansa cewa raunin kunne ne, a cikin kansa kawai abin yake, ba mai ji sai shi.

Wata ranar hutu da hantsi yana kishingiɗe a tsakar gida, Auta ta hau jikinsa ta kwantar da kai a ƙirjinsa. Ta yi lamo. Can sai ta ɗago, ta sake mannawa, wannan karon da kunne sosai, yadda take ganin yana yi wa mota.

"Baba," ta ce a hankali, "wa ke ƙwanƙwasawa a ciki?"