Kusurwar da Yaya Bai Zana Ba

Da magariba abin ya fara. Umma tana ninke kaya a falo sai ta ji an jefa dayis, 'yan duwatsun wasa masu ɗigo-ɗigo, a kan teburin cin abinci, suka gangara, suka tsaya. Babu kowa a wurin. Ta tattara su ta zuba a gwangwani ta rufe, amma kafin ta zauna ƙarar ta sake dawowa.

Teburin nan wurin zaman babban ɗanta ne lokacin yana raye. Duk ƙarshen mako abokansa kan kewaye shi, su shimfiɗa ƙatuwar taswirar da ya zana da hannunsa, ta wata ƙasa da babu ita a duniya. Kowa ya zama jarumi, shi yana jan labari, su suna jefa dayis. Umma takan yi musu tsiya, ta ce ƙarti da gemu suna wasan yara, amma ita ke kai musu shayi. Da hatsarin mota ya ɗauke shi, aka sadakar da komai nasa har takalma. Taswirar kaɗai ta hana a taɓa, ta naɗe ta sa ƙarƙashin katifarta.

Auta, ƙanwarsa, ta ce wasan Yaya ba zai mutu ba. Ta ɗauki hoton taswirar, ta duƙufa gwada manhajojin zane a kwamfuta. Ta farko, Auta ta ce tsaunukan da take zanawa kamar ƙuraje suke. Ta biyu ba ta motsi sai da intanet. Ta uku ta zaɓa, domin tana kwaikwayon hannun mai zane, kuma duk inda aka bar fili takan cike shi da kanta. To akwai kusurwa ɗaya da marigayin bai taɓa zana komai a ciki ba. Manhajar ta zuba teku a wurin.

Tun daga ranar gidan ya daina zaunuwa. Rana na faɗuwa sai a fara jifan tagogi da dayis. Auta ta bar cin abinci, takan farka gashinta jiƙe sharkaf, tana haki kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Tsoro ya kama Umma ƙwarai, domin ta rasa ɗa ɗaya, ga ta biyu tana zamewa daga hannunta.

Baffan yaran ya kawo wani dattijon malami. Ya zauna gaban Auta yana karatu a hankali, har jikinta ya sandare, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta ta ce an nutsar mata da gida. Malam ya tambaye ta wa ya ba ta gida a nan. Ta ce mai zanen ne. Ya daɗe da sanin tana tsaye bayansa tana sauraren labari, bai kore ta ba, ya bar mata kusurwa a taswirar.

"Zan jira ya dawo ya gyara," in ji muryar. "Ina ya tafi ne? Ya daɗe."

Malam ya sunkuyar da kai, Baffa ya kalli bango. Umma ce ta buɗe baki.

"Ya rasu. Ba zai dawo ba."

Muryar ta yi kuka mai tsawo, hawayen na bin kumatun Auta. Da ta lafa, malam ya ce ta ji tsoron Allah ta fita, za a goge tekun. Ta ce ita ba za ta zauna cikin gilashin kwamfuta ba. A ba ta takardar da hannunsa ya taɓa, ta tafi har abada.

Malam ya gaya wa Umma ba dole ba ne. Zai iya ci gaba da karatu har ta fita da ƙarfi, sai dai yarinyar za ta jigata, ga shi jikinta ya riga ya yi laushi. Umma ba ta bari ya gama ba. Ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito rungume da taswirar. Ko buɗewa ba ta yi ba, don ta san in ta buɗe ba za ta iya ba. Ta ɗora a cinyar Auta. Iska ta kaɗa labule sau ɗaya, takardar ta ɓace.

Auta ta buɗe ido, ta tambaya da muryarta ta gaskiya me ya sa Umma kuka.

Umma ta jawo ta jikinta ta ƙanƙame. "Wancan karon maza ne suka fita da yayanki. Yau da hannuna na miƙa shi."