Sunan Mai Rijiyar Kwaya

Juwairiyya ta diro daga kan kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba, ta faɗa gida da gudu, salula a hannu.

"Baba, na samo shi! Na samo sunansa!"

Malam Tsoho ya ɗago daga gyaɗar da yake ɓarewa.

"Sunan wa kuma?"

"Kakan kakanka. Wata tsohuwa a Mallawa ta rera mini waƙar niƙa, yana ciki. Usaini sunansa, Baba. Kamo shi aka yi yana yaro, aka sayar a Kwaya, suka riƙa ce masa Bawa kawai. Shi ya haƙa rijiyar garin..."

"Rage murya," ya ce, yana leƙen zaure. "Na taso da ku nan Dungas don kada kowa ya ce muku jikokin bawa. Jibi dangin Sirajo za su zo sa rana, kuma 'yan Kwaya ne. Ki bar rubutun nan, uwata."

Juwairiyya ta sauke salular. Tarihin nan shi take rubutawa don kammala jami'a a Damagaram, kuma Sirajo ne ya yi ta kai ta ƙauyuka a motonsa.

Da la'asar Sirajo ya kira ta a salula.

"Sanyin idona, Surayya ta riga mu."

"'Yar kawunka? Wadda ta ce ko ita ko babu?"

"Ita. Ta kai wa Kawu Goni labarin."

"To kai me ka ce?"

"Na ce da ni aka nemo shi. Ki jira ni jibi."

Ranar da dangin Sirajo suka zo, Kawu Goni bai ko taɓa goro ba. Juwairiyya na laɓe bayan labule tana jin sa.

"Malam Tsoho, ba mu ƙi yarinya ba. Ta cire mutumin nan daga takardarta, a rufa asiri, sai mu sa rana."

Ba ta jira amsar mahaifinta ba. Ta ɗaga labule.

"Kawu, ku yi haƙuri. Sau ɗaya an ƙwace masa suna, ba zan zama ta biyu ba."

Kafin ya amsa, moto ya tsaya a ƙofa. Sirajo ya shigo da bido, wato jarka, cike da ruwa, bayansa kakarsa Iya Balaraba, mahaifiyar Goni, tana dogara sanda.

"Goni, ruwan ina ne wannan?"

"Na Rijiyar Bawa ne, Iya."

"Akwai amaryar da aka taɓa kaiwa ɗaki a Kwaya ba a wanke ta da shi ba?"

"Babu."

"In za a jefa guga me ake cewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan Bawa."

"Tun ina budurwa nake faɗin haka, ina tambayar raina, wane Bawa? Addu'a ba suna, kamar aike ba gida." Ta juyo. "Ke kishiyata, zo nan. An ce kin samo shi. Faɗa mini."

Juwairiyya ta buɗe baki, amma wani ya riga ta.

"Usaini," in ji Malam Tsoho. Ya gyara zama, ya ƙara da ƙarfi. "Usaini. Kakan kakana ne."

Ta dubi mahaifinta, hawaye suka zubo mata.

"To a sa rana," Iya ta ce, "kafin ruwan nan ya yi zafi."

Goni ya miƙa hannu ya ɗauki goro.

A zaure Sirajo ya raɗa mata, "Amaryata, bayana ya kusa karyewa da bidon nan."

"Somin taɓi ne," ta ce tana dariya. "Saura na wanka."

Bayan kaka aka kai ta Kwaya. Da safen wankan amarya, Iya Balaraba ta hana kowa taɓa igiya, ta miƙa wa Malam Tsoho guga. Ya jefa, matan garin suka amsa baki ɗaya:

"Allah ya jiƙan Usaini."