Ma'ajiya Ta Cika

Rana ta take tsaka lokacin da Sufeto Maidawa ya isa gidan wasan bidiyo na Abdulrazak a Sabon Garin Maradi. Shi da ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayin shanu, yau ga shi an turo shi kan kayan wasan yara. Gwiwarsa na ciwo, ransa kuma ba ya so.

"Mi aka ɗauka?"

"Disk dur, Shef," in ji Abdulrazak. "Faifan ajiya ne da nika jona ma na'urar wasa. Cikinta ya cika, shi ya sa wasannin duk suna can. Jiya kuran ya ɗauke, babu wutar lantarki, muka hita inuwa, muna dawowa babu shi."

"Ita na'urar hwa?"

"Ba a taɓa ta ba. Da sahe na kai ma Tanko mai gyara a Tsibiri, ya sama mini wuri cikinta. Ina da gasa ran Lahadi."

Maidawa ya sunkuya da ƙyar. Guntun waya na nan bayan tele, wato talabijin, an datse shi da wuƙa, alhali ja ɗaya ya isa a cire shi. Wanda ya yi wannan bai san kan abin ba.

"Wa ke shigowa nan ban da 'yan wasa?"

"Sai Baba Ilyasu na Jiratawa. Ɗanshi Hafizu ɗan kabu-kabu ne, ya rasu bara. Duk ƙwallon da ya ci a wasa sai ya ɗauki bidiyonshi, yana ihu yana dariya. Tsohon kan zo in kunna mishi, ya zauna ya saurara. Ba shi da wata muryar ɗan sai wagga."

"Ya san faifan?"

"Ya ji dai ina cewa babban faifai na tahe daga Kano, in ya iso zan goge wanga in saida. Amma Baba Ilyasu? Haba, Shef!"

Maidawa ya miƙe ya nufi ƙofa. A wannan aiki, "haba" ta sha kai shi ƙofar mai laifi.

A Tsibiri ya tarar da Tanko a rumfarsa, na'urar Abdulrazak a kan tebur, wani farin layi yana tafiya a hankali a fuskar tele.

"Mi kake yi mata?"

"Shara, Shef. Sabon wasan ƙwallo ƙato ne, kowace shekara ƙara girma yake. Sai an kwashe tarkace kahin ya shiga."

Maidawa ya zauna a benci, ya miƙe ƙafa, yana kallon layin don babu abin kallo.

"An kawo maka faifai jiya?"

"Ni? Ko kusa."

"To wancan guntun wayar da ke cikin kwandon shararka, wuƙa ta yanke shi ko ɓera?"

Tanko ya share gumi. "Tsoro na ji, Shef, kar a ce ni ka sayen kayan sata. Wani tsoho ne, ƙahwahunshi duk laka. Ya kwance shi daga cikin rawani, wai in buɗe in hiddo mishi ɗanshi. Na ɗauka ruɗin tsuhwa ne. Na canza waya, na gwada a ordinata, kwamfutar ta ƙi karantawa, na maida mishi abinshi."

Layin ya kai ƙarshe. Tanko ya tafa hannu. "Tas! Yanzu wuri ya samu."

La'asar ta yi sanyi kafin Maidawa ya kai Jiratawa. Ya sami Ilyasu a garka, wato lambunsa, a bakin kwata yana sakar wa zogale ruwa, wuƙar yankan ganye a ɗamararsa.

"Baba, sannu da aiki. Jiya ka shiga Maradi?"

"Ban bar garka ba, ɗana."

"Tanko na Tsibiri ya gaishe ka."

 Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da faifan, an naɗe shi cikin farin ƙyalle mai tsabta.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, sai jiya. Na ji yaron na cewa zai goge. Na rufe Hafizu da hannuna, na haƙura. Amma a goge mini dariyarshi don a sa sabon wasa? Na kasa."

Tausayi ya kama Maidawa, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya kira Abdulrazak a telefon, ya buɗe murya don tsohon ya ji, da nufin a sasanta tun kafin a kai komisariya, ofishin 'yan sanda.

"An samu faifanka. Tsohon tsoro ya ji kar ka goge bidiyon ɗanshi."

Abdulrazak ya sassauta murya.

"Shef... ai bidiyon ba su cikin faifan. Faifan wasanni kawai yake ɗauka. Su suna cikin na'urar kanta. Don kar in taɓa su ma na yi odar babban."

"To suna nan ke nan."

"Da faifan ya ɓace sai hankalina ya tashi, gasa na bisa kaina. Na ce ma Tanko ya share duk abin da ba wasa ba. Wallahi ban tuna ba, Shef."

Maidawa ya tuna farin layin nan da ya zauna yana kallo, ƙafa a miƙe. Ya kashe telefon.

Ilyasu ya ji komai. Ya sunkuya ya toshe kwatar da laka, don kar ruwan ya yi ɓarna a bayansa, ya wanke hannu.

"Baba, mai kaya zai janye ƙara. Sa hannu kawai za ka yi."

"Mu tahi, ɗana," in ji tsohon, ya miƙa masa faifan. "Riƙe wanga. Ni babu kowa nawa a ciki."