Makulli a Cikin Gwangwani

Ni da Yaya gyaran wutar mota muke yi. Shi ne mai hannun, ni ɗan miƙo sifana ne kawai, kuma bai taɓa barina na manta ba.

Wata malamar asibiti ta kawo mana motarta, irin wadda ba sai an fito da makulli ba. Yana aljihunka, ka taɓa mariƙin ƙofa, ta buɗe. Ta ce kullum gab da magariba motar sai ta buɗe kanta. Ta hannu ta saye ta, da makulli ɗaya.

"Ɗayan fa?" in ji Yaya.

"Wai ya ɓata tare da mai motar na farko," in ji ta.

Yaya yana da dabararsa. Yakan jefa makulli a gwangwanin madara ya rufe ruf, don mota ba ta jin makulli ta cikin ƙarfe. In ta buɗe a haka, laifin wayar wutar motar ne. Da rana ta yi ja muka fita da ita bayan gari, kan hanyar tsohon ramin fasa dutse, inda babu wata mota kusa da za ta rikita mana gwaji.

Na zauna a mazaunin direba, gwangwani a cinyata, na kulle ƙofofi. Yaya yana waje da tocila.

Ƙas. Ta buɗe.

Na sake kullewa. Ƙas.

Wani wari ya cika motar, kamar na tsumman da ya kwana a kwata. Kwaɗin ramin duk suka yi shiru.

"Yaya, mu tafi," na ce ƙasa-ƙasa.

"Auta, tsoron waya kake ji?"

Ya yi dariya, ya yi abin da ya saba yi wa kowace mota mai gardama. Ya cusa yatsunsa bayan mariƙin ƙofar baya don ya ji ko ya ɗauki zafi.

Dariyar ta yanke.

"Akwai hannu a nan," ya ce.

Aka fizge shi. Fuskarsa ta daki gilashi har ya tsage, jini ya zubo ta tsagar. Aka ja shi baya, aka sake buga shi. Ban ga kowa ba. Mariƙin kawai na gani yana lanƙwashewa a kan yatsunsa, ina jin ƙashi yana fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Na fito na kama ƙugunsa. Wani abu mai sanyi ya mare ni, haƙorina ya faɗo a bakina. Kusa da kunnena na ji ƙarar makulli yana kaɗawa a jikin zobe.

Ana jan Yaya wajen ramin, motar tana binsa a kan tsakuwa.

"Ja ni," ya ce. "Ko me zai cire."

Na dafe taya da ƙafa, na ja da duk ƙarfina.

Ya taho. Yatsu huɗu ba su taho ba.

Na goya shi na yi ta gudu har bakin titi, jininsa yana bin wuyana. Ban waiwaya ba.

Yaya ya rayu, amma bai ƙara riƙe sifana ba. Yanzu shi ke zaune a benci yana faɗa mini abin da zan yi, kuma ya daina yi mini tsiya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Washegarin abin da safe masu janwe suka ɗauko motar. Sun duba ko'ina, ba su ga yatsun ba. Malamar ta ce ba ta son motar kuma, sai muka tura ta bayan gareji. Na cire batir, na yanke wayoyin mariƙan duka, na wanke jinin.

Jiya da magariba ina rufe shago na ji ƙas.

Na haska mariƙin. Shatin yatsu huɗu ne na baƙin mai, ɗanye. Na tsakiyan a karkace yake, daidai inda na karya wa Yaya shi da ƙofa muna yara.