Takalmi A Ƙofar Mastura

"Fito ki faɗa mana! Takalmin wa ne wannan?"

Mastura ta tsaya a ƙofar karaban, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, tana gyara mayafi. Hantsi ko gama dubawa bai yi ba, amma mata sun kai goma a kan yashin. Mak Cik Zaiton ce a gaba, wato Gwaggo Zaiton, mahaifiyar Ridzuan mai gonar kankana, ta miƙo waya har tana neman taɓa mata hanci.

Hoto ne. Takalmin gona na roba a bakin wannan ƙofar, ƙofar a rufe, labule a sake.

"Na Abang Ridzuan ne," in ji Mastura, tana kiransa Yaya da harshensu.

"Kun ji ko!"

"Awa guda cur yana ciki," in ji Haslinda, mai gidan saukar baƙi na bakin teku. Ita ta ɗauki hoton, ita ta watsa wa matan ƙauyen, kuma kowa ya san shekara nawa ta yi tana aika wa Ridzuan abinci gona.

"Ni ba na ciki a lokacin, Mak Cik. Wallahi..."

"To uban me yake yi a ɗakinku, ƙofa a rufe?"

Mastura ta waiwaya cikin ɗakin. A bayanta tana jin numfashin Abah, mahaifinta, a kan gadonsa.

"Yarinyar da gidanta ke kan taya!" Mak Cik Zaiton ta tofar da yawu. "Yau nan, gobe can. Ki kwashe akwatinki ki bar mana gari kafin ɗana ya dawo daga kasuwa."

Shekara talatin Abah ya yi yana tuƙa babbar motar fasinja a wannan titin na gabas, yana wuce ƙauyukan masunta da gonaki ba tare da ya taɓa tsayawa ya sha ruwan kwakwa a ɗaya ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hagunsa da rabin maganarsa, abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ya ga garuruwan da ido, a hankali, har Perlis, can ƙarshen arewa. Mastura ta ajiye aikinta na kantin magani a Kuantan, ta samo tsohon karaban, ɗaki ɗaya mai gado biyu da ɗan murhu, ta ɗaura shi a bayan a-kori-kura.

Kemasik, Dungun, Marang... ko'ina kwana biyu ko uku.

A Teluk Rhu ma kwana biyu suka yi niyya. Sai ga wani manomin kankana, Ridzuan, ya ba su gefen gonarsa, ya jawo musu ruwa daga famfonsa. Kullum la'asar ya zo ya shimfiɗa dara, ya zauna yana jiran Abah ya haɗa kalma ɗaya, bai taɓa ƙarasa masa magana ba.

Kwana biyu suka koma sati uku.

A jajiberin ranar da matan suka zo, Abah ya zame a ɗan banɗakin, ya ɓata jikinsa, ta yi ta yi ta kasa ɗaga shi. Da gudu ta kirawo Ridzuan. Yana leƙawa ya ce, "Je ki famfo ki wanke kayan, ki bar mu mu maza." Shi ya wanke tsohon tas, ya sauya masa zani. Da ta dawo, Abah ya yi kuka kamar yaro, ya riƙe hannayensu duka biyu.

"Kar... kowa... ya ji."

Shi ya sa ta haɗiye maganar a gaban matan. Kafin azahar ta ɗaure tukwane, ta janye ƙafafun karaban, ta hau titi hawaye na hana ta ganin hanya.

Wayarta ta yi ta ruri har Besut. Ba ta ɗauka ba.

Rana ta uku, a Bachok, tana gasa kifi a gindin bishiyar kwakwa, ta ji ƙarar babur ɗin da ko a mafarki ta san shi.

"Mastura!"

Ya rame. Rana ta ƙona masa wuya.

"Duk wata rumfar kofi daga Setiu zuwa nan sai da na tsaya. Kun ga wata 'yar ƙaramar mace tana jan gida? Haka na dinga tambaya kamar mahaukaci."

"Wa ya aike ka?"

"Zuciyata... kuma ba ta ba ni kuɗin mai ba."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta.

"Ka faɗa wa Mak ɗinka gaskiyar abin da ya faru?"

"Na yi wa Abah alkawari."

"To me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "In na aure ki, ba da yawunta ba."

"Ka koma, Abang. Uwa ce. Ni ba zan shiga tsakaninku ba."

"Ke ce dai ba kya so na."

"Kada ka ƙara faɗin haka!" Ta share ido da gefen mayafi. "Da ba na son ka da tuni na ƙetara Kedah. Me kake ganin ya tsayar da ni a nan kwana biyu ina kallon titi?"

"Hasken idona..."

Sai suka ji ana buga bangon karaban daga ciki. Bangon ba kauri gare shi ba. Abah ya ji komai. Ranar da matan suka zo maganin barci ne ya danne shi, sai yau ya san abin da ya kore su.

Suka shiga. Ya kafe 'yarsa da ido.

"Juya... mota."

"Abah, ba sai ka..."

"Juya!"

Da la'asar suka iso Teluk Rhu. Ridzuan ya turo keken guragun Abah har gindin matakalar gidansu. Mak Cik Zaiton tana baranda da maƙwabta, suna murza ƙullun kifi. Tana ganin Mastura ta miƙe.

Abah ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

Ya daɗe yana maganar. Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita, gumi na tsattsafo masa. Bai ɓoye komai ba: faɗuwar, ƙazantar, kukan. Mastura ta durƙusa a gefensa ta kifa kai a hannun keken.

"Ɗanki... ya wanke ni. Da hannunsa. Ko fuska... bai yamutsa ba." Ya numfasa. "Ni na ce... su yi shiru. Mutuncina... 'yata ta saya... da nata."



Wata tsohuwa cikin maƙwabtan ta ajiye ƙullunta. "Ranar Litinin ko? Ai kuwa na ga yarinyar nan a famfo tana wanki. Haslinda ma ta bi ta gabanta, har sannu ta yi mata."

"Kika yi shiru?" in ji Mak Cik Zaiton.

"Wa ya tambaye ni? Ke kina ta ihu."

Mak Cik Zaiton ta sauko matakala ɗaya-ɗaya, hannunta duk ƙullu. Ta tsaya a kan ɗanta.

"Kai kuma, ɗan banza, ka bar ni na zagi 'yar mutane?"

"Amana ce, Mak."

Ta juya ga Mastura. "Tashi. Tashi mana, 'yar nan... ki yafe mini."

Mastura ta kama hannun ta sumbata, ta ɗora a goshi, ƙullun kifi da komai.

"Amma fa ki ji," in ji Mak Cik Zaiton tana jan hanci, "ɗana manomi ne. Gona ba ta bin titi."

"Na yi wa Abah alkawarin Perlis, Mak Cik. Ba zan fasa ba."

"In an cire kankana ƙasa tana hutawa wata biyu," Ridzuan ya yi caraf. "Mu kai Abah, mu dawo shuka."

"Oho! Ashe har lissafi ka gama!"

Haslinda ba ta zo ɗaurin auren ba. An ce ta tafi ganin dangi. Babu wanda ya yi cigiyarta. An dafa shinkafa da romon kifi tukunya-tukunya, mata suka yi ta leƙa karaban suna mamakin yadda gado ke naɗewa ya zama teburi. Mak Cik Zaiton da kanta ta ɗinka labulen da ya raba ɗakin biyu.

Ranar tafiya rabin ƙauyen ya fito. Ridzuan ya shige mazaunin direba yana hura hanci, ya sa giyar baya. Karaban ya karkace hagu. Ya gyara, ya karkace dama, saura ƙiris ya kwashe kejin kajin uwarsa.

"Wayyo kajina!"

Daga kujerar baya wata irin ƙara ta tashi. Abah ne, yana dariya har da tari, yana dukan cinya da hannunsa mai lafiya.

Mastura ta zagayo ta buɗe ƙofar direba, ta miƙa hannu.

"Matsa, angona. Wannan ba tarakta ba ce."

"A gaban mutane, rabin raina?"

"Kafin mu kai Kedah ka iya. Matsa."

Ya matsa yana sosa ƙeya. Ta juya karaban da hannu ɗaya, ta ɗora shi a titi. Mak Cik Zaiton ta biyo su da ƙunshin soyayyen kifi, ta cusa ta taga.

"Wata biyu na ce! Ki dawo mini da shi... ke ma ki dawo."