Ramin Mayar da Littafi

Ran nan Kaltouma ce ke da aikin rufe ƙaramin laburaren da ke bayan garin Wendover. Tun da aka kafa sabon mashin na karɓar littattafai hankalinta bai kwanta ba. Rami ne a jikin bango: mutum ya zura littafi daga waje, wani bel mai aiki da lantarki ya ja shi ciki, kwamfuta ta shaida an mayar. Amma da magariba ta yi, sai bel ɗin ya tashi shi kaɗai.

Wanda take zargi shi ne Sanda, injiniyan da ya haɗa kwamfutocin duk rassan laburaren garin a layi ɗaya. Ana raɗe-raɗin rage ma'aikata, kuma ta san duk wanda ya ce mashin yana da iskoki shi za a fara kora. Sai ta ja bakinta, ta zuba wa mashin ɗin ido.

Rana ta faɗi. Ƙarar motoci ta yi nisa. Bel ya motsa.

Littafi ya shigo a jiƙe, yana warin taɓon kududdufi. Ta duba kyamarar waje. Ba kowa sai motarta.

Ta kira Sanda a waya, murya ƙasa-ƙasa. "Ka daina wasa da ni."

"Wane wasa, Anti? Ai tun azahar na zare wa mashin ɗin wuta."

Ta kalli ƙasa. Ga wayar wutar mashin ɗin a yashe.

Wani littafin ya shigo, da ɗuminsa.

Daga cikin ramin aka yi magana, da Hausa, a hankali. "Da can mutum ke karɓa mana. Yana amsa sallama."



Ta miƙa hannu za ta ja murfin ramin. Yatsu suka cafke ta. Dogaye. Masu sanyi. Suka goga wuyan hannunta kan jan hasken da ke karanta lambar littafi.

Ƙit.

Bel ya juya baya, yana jan ta zuwa ramin. Ta tokare bango da ƙafa, a'uziyya ta kuɓuce mata, ta fizge. Gyalenta ne ya tafi. Da takalmi ɗaya ta isa mota.

Washegari Sanda ya ga sunanta cikin kayan da aka ara, a kwamfutar kowane reshe. Ya goge, sunan ya dawo. Ya sake gogewa.

Kaltouma ta bar aikin, ta koma aiki a wani kanti. Ta ɗauka shi ke nan. Sai kwanan baya saƙo ya shigo wayar mijinta daga laburare, cikin ladabi: lokacin mayar da ita ya wuce.